Ƙafar Motar Maman Talatu

Ku matso nan, ku ajiye wayoyin nan tukuna. Ɗazu na ji ɗayanku yana cewa aikin ƙafar mota ba wani aiki ba ne, wai ka kwance noti, ka zare tsoho, ka cusa sabo, shi ke nan an gama. Ban tanka masa ba don bakina cike yake da gyaɗa. To, yanzu na haɗiye.

A garejinmu na Yelwa kowa da fanninsa. Akwai mai inji, akwai mai wayarin, akwai mai walda. Ni kuwa ƙafa na koya, wato duk abin da ke tsakanin taya da jikin mota. Sifirin shi ke ɗaukar nauyi. Shoka ita ke kwantar masa da hankali, don in ka bar sifirin shi kaɗai zai yi ta tsalle har gobe. Bushin robobi ne da ke shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe kada su yi faɗa. Sai sandar sitabilaiza, wadda ke riƙe mota a kwana kada ta kwanta gefe guda. Sauran sunayen za ku ji su ranar da aka aike ku sayensu.

Sunan Ɗori da kuke kirana da shi ma aikin ne ya jawo mini. Wata safiya aka turo wani dattijo a amalanke daga bayan gari, ƙafarsa a kumbure kamar tulu, wai an ce musu akwai mai gyaran ƙafa a Yelwa, gwani ne, ba ya ɓata lokaci. Na fito daga ƙarƙashin mota, fuska duk giris, guduma a hannu. Dattijon ya dube ni, ya dubi gudumar, ya ce da 'ya'yansa su juya da shi gida, ya ji sauƙi. Tun daga ranar ba mai kirana Hammadu sai uwata.

Wanda ya koya mini aikin Baba Istifanus ne, mutumin Mumuye daga wajen Zing, wanda ya yi ƙuruciyarsa a ƙarƙashin manyan motoci. A bakinsa komai namiji ne, mota namiji, matarsa ma namiji. Watannin farko bai bari na taɓa sifana ba. Sai ya zaunar da ni a kujerar baya, ya ce in rufe ido, ya bi hanyar da ta fi ramuka a garin nan, can ya ce, "Wane ƙafa ne yana kuka?" In na ce ta gaba alhali ta baya ce, sai ya taka birki ya ce in sauka in koma gareji a ƙasa, in yi tunani a hanya. Lungunan Jalingo duk da ƙafata na san su kafin in san ƙafar mota.

Kayan aikinmu ba su cika akwati ba. Jak guda ɗaya, sifanu, guduma, dogon ƙarfen banƙara, ƙullin zare, da wata wuƙa da Baba ya ƙera daga tsohon sifirin babbar mota. Abin matse sifirin irin naku na yanzu ba mu da shi. Da igiya muke ɗaure shi, kowa ya yi addu'a a addininsa. Rannan igiya ta tsinke, sifirin ya tashi ya huda kwanon rumfa ya ɓace. Muka tsaya muna kallon ramin. Can sai ga ihu daga ƙetaren titi, wajen mai sayar da shinkafa. A tukunyar miyarta ya sauka. Ranar kowa a gareji ya ci miya mai ƙanshin giris, don ta rantse sai mun cinye ta.

Da aka yi jihar Taraba, Jalingo ta zama babban birni, ma'aikata suka kwararo daga Yola da motocinsu, hanyoyinmu kuwa suka yi musu maraba yadda ya kamata. Aiki ya yi mana yawa har muna korar mutane. Baba ya gaji, ya koma gida noman doya, ya bar mini jak da wuƙar. Ban daɗe da zama mai kaina ba wahalar mai ta sauka. Ku da kuke ƙorafi in an yi layin awa guda, ba ku ga layi ba. Mutum ya tura motarsa gidan mai, a kawo masa abinci a can, a kawo masa tabarma, har a zo masa da labarin haihuwar matarsa yana nan bai motsa ba. Motar da ba ta tafiya kuwa ba ta karya ƙafa. Mai injinmu ya koma dako a kasuwa, mai wayarin ya tafi ƙauye. Ni na koma gyaran amalanke da baro, da rana in tafi gonar masara. Na riga na yi magana da wani zai sayi jak ɗin nan.

A cikin wannan halin ne Maman Talatu ta zo. Na ji motar kafin in gan ta, tana ƙara kamar ana jan gadon ƙarfe a kan tsakuwa. Ƙaramar mota ce mai guntun baya, irin wadda ake ɗaga ƙofar bayanta sama, a naɗe kujera a loda kaya. Ja ce a da, amma rana ta mai da ita kalar zoɓon da aka cika wa ruwa. Gindinta a sama, hancinta a ƙasa, kamar kaza tana tsince dawa. Wata mata gajera mai faɗi ta fito, tabarau rataye a wuyanta da zare, wani dogon mutum mai rigar ofis ya fito ta ɗaya ƙofar yana dafe da ƙugu.

Ta ce, "Kai ne Ɗori?"

Na ce, "Ni ne, Madam. Sannunku da zuwa."

"To, ga marar lafiya."

Muka zauna a benci ta ba ni labari. Mijinta malamin makaranta ne, shi ya sayi motar ta hannu, ya rasu ya bar mata ita da 'ya'ya uku. Tana kiwon kaji a bayan gidansu a Majidaɗi, tana kai ƙwai wa masu shayi da masu shago tun daga nan har Mutum Biyu, ta dawo da busasshen kifi da shinkafa. Da wannan take ciyar da yaran, da shi take biyan makaranta. Mai kuwa a galan take sayensa wajen 'yan bumburutu, don a lokacin da babu motar haya a hanya, wanda ya isa da ƙwai shi ke da kasuwa.

Motar ta tsufa, in aka loda ta sai bayanta ya zauna, a kwana kuma ta rinƙa kwanciya kamar kwalekwale. Wani mai gyara na bakin hanya ya ce zai ɗaga mata ita. Ya yanka tsohuwar taya ya cusa tsakanin zoben sifirin na baya, ya ƙara da guntun ƙarfe a ƙasa. Mota ta ɗagu kam, amma bayanta ya sandare kamar katako. Ranar da aka yi ruwa, a wata kwana kusa da gada, gindin motar ya wuce kanta, ta juya ta faɗa gonar masara tana fuskantar Jalingo. Babbar 'yarta Talatu na zaune a gaba, goshinta ya bugi gilashi, sai da aka yi mata ɗinki. Ƙwai ko ɗaya bai tsira ba.

Dogon mutumin nan Dauda ne, ƙanen marigayin, ma'aikaci a sakatariya. Kada ku ɗauka mugu ne. Shi ya ɗauki Talatu a kafaɗa ya shiga da ita asibiti, rigarsa sharkaf da jini. Shi ya tara dangi ya ce a sayar da motar, matar yayansa ta zauna ta sayar da ƙwai a ƙofar gida. Ita kuma ta san ƙwan ƙofar gida ba zai riƙe yara uku a makaranta ba. Da ƙyar ta samu aka yarda da abu ɗaya: a gyara motar sau ɗaya tak, Dauda ya shiga da kansa a je Mutum Biyu, in ya ji ta yi masa rawa ko kaɗan, a sayar.

Dauda ya ce, "Malam Ɗori, ka gaya mata gaskiya saboda Allah. Motar nan ta gama. 'Ya'yan yayana sun rasa uba, ba za su rasa uwa a gonar masarar wani ba."

Na ce, "Yallaɓai, bari in ji ta bakin motar tukuna."

Na shiga baya, na rufe ido, Madam ta ja. Ba mu kai ƙarshen layi ba kaina ya gaisa da rufin motar, hulata ta lotse. Shokar baya duka sun mutu, ta gaba ta hagu tana numfashin ƙarshe, bushin sun narke, ƙarfe na cin ƙarfe. Da muka dawo na ɗaga ta na duba jikin, inda ƙafa ke kamawa. Nan ne abin tsoro, don in tsatsa ta ci wurin, ko ƙafar zinariya ka ɗaura aikin banza ne. Na ƙwanƙwasa da guduma ko'ina, ƙarfe ya amsa mini da murya mai kyau.

Na ce, "Madam, jikinta lafiya lau. Yaya kike so ta zama?"

Ta ce, "Ina so ta ɗauki kaya kamar babbar mota, ta yi laushi kamar katifa, ta sha kwana kamar keke."

Na ce, "Ba ki so ta rinƙa dafa shayi?"

Ta ce, "In za ka iya, ƙara."

To, samari, sana'ar nan duk a nan take. Ka sa mata ƙarfi da yawa, taya ta rinƙa tsalle tana barin ƙasa, tayar da ke sama kuwa ba ta jin sitiyari ba ta jin birki. Ka sa laushi da yawa, mota ta rinƙa lilo, ta kwanta a kwana. Abin da ake nema yana tsakiya, tsakiyar kuma ta kowace mota daban, ta kowane kaya daban. Mai ɗaukar siminti da mai ɗaukar ƙwai ba ƙafa ɗaya za ka yi musu ba.

Sifirin ne ya fi ba ni wahala. Na san motar nan tana da yaya, doguwa mai ɗaukar iyali, gida ɗaya suka fito, kuma sifirin bayanta ya ɗan fi kauri, sandar sitabilaizarta ma haka, amma mazauninsu ɗaya. Na san inda irinta take, a gidan wani Alhaji Bakari nan Yelwa, injinta ya daɗe da mutuwa, awaki ke kwana a ƙarƙashinta. Na je na gaishe shi na faɗi buƙatata. Ya ce ko kusa, shi motarsa tayar da ita zai yi da zarar mai ya samu. Na dubi kazar da ke kwanci a kujerar direba, na yi masa sallama.

Da na gaya wa Maman Talatu, sai ta ce, "Nuna mini gidan." Ta je da ƙwai a kwano, ta durƙusa ta gaishe shi, "Baba, ina kwana," ta tambayi jikinsa, ta tambayi awaki. Ashe likita ya hana Alhaji jan nama, ƙwai kuwa ya yi wuya a gari. Kafin a kira azahar sun daidaita: za ta rinƙa aiko masa da ƙwai duk Juma'a har damina ta wuce, ni kuma in ɗaura wa motarsa tsofaffin sifirin ɗinta don kada ta zauna a ƙasa makwabta su yi dariya. Ina kwancewa yana tsaye a kaina da carbi yana cewa, "A hankali, motar nan da ranta."

Shoka kuwa wajen wani ɗan Ibo mai kayan Beljam, wato na hannu, kusa da tasha na samo. Ku yanzu a kwali ake kawo muku, da lamba a jiki. Mu tuli ne a ƙasa, kowace daga uwa daban. Ka ɗauka, ka dafa ta a ƙasa da ƙirjinka, ka ja, ka ji yadda take turjewa. Wadda ta tafi salin-alin ka jefar, wadda ta yi gardama daga farko har ƙarshe ka ajiye gefe. Sannan ka nemo mata 'yar'uwa mai hali irin nata, don in ta dama ta fi ta hagu ƙarfi, mota za ta sha kwanar dama da hali ɗaya, ta hagu da wani. Na wuni a tulin nan har mai shagon ya kawo mini kujera ya ce ko in karɓi makulli in rufe in na gama.

Bushin ni na yanka da hannuna daga tayar babbar mota, da wuƙar Baba. Robar nan ta fi ta asali tauri kaɗan, sitiyari sai ya fi jin magana. Amma ga abin da yawancinku ba ku yi: ba a ƙarasa ɗaure notin bushin mota tana rataye a jak. Sai an sauke ta, ta zauna da nauyin da za ta rinƙa ɗauka, sannan ka shiga ƙasa ka ɗaure. In ba haka ba robar a murɗe za ta zauna, wata biyu ta yage. Ba ni da buhunan da zan loda, sai na kira Garba mai walda, wanda shi kaɗai ya rage mini a gareji, ƙato ne mai cin mudu. Na naɗe kujera na ce ya hau. Ya zauna a bayan motar yana shan rake, ni ina ƙasa ina ɗauri, ɓawo na zubo mini.

Ya ce, "Ɗori, nauyin kiret ɗin ƙwai nawa na yi?"

Na ce, "Kai dai kada ka yi atishawa, ka ɓata mini awo."

Daga nan sai saitin taya. Na ja zare daga tayar baya zuwa ta gaba, hagu da dama, ina juya ƙarfen sitiyari kaɗan kaɗan har tayoyin gaba suka dubi gaba sosai, da ɗan sunkuyo ciki wanda ido ba ya gani. Tayoyinta huɗu kowace da ƙabilarta. Na zaɓi biyun da suka fi ƙwari kuma suka yi kama na kai su baya. Dauda da ya leƙo bayan an tashi ofis ya ce ai masu kyau gaba ake sa su, wajen sitiyari. Na ce masa gaba in ta zame direba na ji a hannunsa ya gyara, baya kuwa ba ta sallama, sai dai mutum ya ga masara. Bai yi dariya ba. Na kuma hana mai faci cika musu iska yadda ya saba, don shi awonsa ƙafa ce, in ya harbi taya yatsansa ya yi zafi to ta isa.

Abu na ƙarshe ba na sifana ba ne. Na nuna wa Madam yadda za ta rinƙa lodi: mai nauyi can ciki, jikin kujerun gaba, marar nauyi wajen ƙofa, a ɗaure kome kada ya yi yawo. Ta sa tabarau ta tsaya tana kallo kamar mai duba jarrabawa.

Ranar Asabar muka kama hanya da sassafe. An kwana ana ruwa, kwalta a jiƙe, wato irin ranar da abin ya faru. Madam a sitiyari, Dauda a gefenta, ni a baya a rabin kujerar da ba a naɗe ba, ƙwai jere a gefena har kafaɗa. Kiret ɗaya ya rasa wuri, ta ɗora mini a cinya.

Ta ce, "Riƙe wannan. In ya fashe, aikinka ne bai yi ba."

Muna fita gari na ji abin da nake son ji, wato ban ji kome ba. Mota ta faɗa rami, ta tashi, ta zauna, ba ta ƙara wani motsi ba. Dauda kuwa hannunsa ɗaya a maɗaurin sama, ɗaya a dafe da gaban mota, ƙafarsa na taka birkin da babu shi a wajensa. Hanya fayau, sai masu keke da mata masu ɗauke da itace.

Madam ta ce, "Dauda, ka ji rawa?"

Ya ce, "Matar yaya, ki dubi hanya."

"Ina dubawa. Ka ji rawa?"

"Ba mu kai gada ba tukuna."

Muka doso kwanar gadar. Na ga wuyan Madam ya miƙe, ta rage gudu tun da nisa kamar yadda na gaya mata, ta shiga. Motar ta ɗan jingina kaɗan, ta riƙe, ta zagaya kamar an ja ta da zare. Ga gonar masarar nan a gefe, har yanzu da gurbin da suka kwanta. Ba wanda ya dube ta sai ni. Madam ta saki numfashi ta ce, "Yesu na gode." Dauda ya ce kwana ɗaya ba ta isa shaida ba.

Shaidar ba mu muka shirya ta ba. Mun wuce gadar da nisa, hanya ta gangara, ciyawa ta yi tsawo har ta rufe gefen titi, Madam ta saki jiki ta ɗan ƙara wuta. Sai wani ɗan maraƙi ya yi tsalle daga cikin ciyawa ya tsaya tsakiyar kwalta, uwarsa na biye da shi, farar saniya mai ƙaho kamar a rataya riga. Birki kaɗai ba zai isa ba. Madam ta taka, ta karya sitiyari hagu, muka wuce maraƙin, sai ga kwazazzabo a gabanmu cike da ruwa, ta sake karyawa dama. Nan ne tsohuwar ƙafar za ta jefar da mu. Na ji nauyin motar duka ya koma gefe guda, na ji tayar baya ta yi ƙara, ina jiran gindin ya wuce. Bai wuce ba. Ya biyo kan motar, ta miƙe, ta tsaya a gefen hanya inji na ci gaba da aiki.

Wani Bafulatani ya fito daga ciyawa a guje, sanda a kafaɗa, yana cewa, "Jam na? Jam na?" Na amsa masa da harshen uwata cewa lafiya lau. Madam ta kashe mota, ta fito, ba ta tambayi lafiyar kowa ba, ta zagaya ta ɗaga ƙofar baya. Ta bi kiret ɗin nan tana ɗagawa tana dubawa, daga sama har ƙasa. Ko tsaga babu.

Sannan ta leƙo wajena. Ashe lokacin da ta karya sitiyarin na rungume kiret ɗina a ƙirji da dukan ƙarfin da nake banƙare ƙarfe da shi. Ƙwai ya bi gemuna, ya shiga wuyan riga, ya gangara har cikin wando, ɓawo a maƙale a girata. Har lokacin ban saki ba.

Ta sa tabarau ta dube ni da kyau, ta ce, "Malam Ɗori, motar ta ci jarrabawa. Kai ne ka faɗi."

Dauda ya fito yana dafa ƙofa. Ya dube ni, ya buɗe baki zai yi magana, sai dariya ta kama shi. Ya yi ta yi har ya zauna daɓas a jiƙaƙƙiyar kwalta da wandon ofis, yana nuna ni da yatsa, hawaye na zuba. Can dariyar ta ƙare amma hawayen ba su tsaya ba, ya rufe fuska da hannu. Madam ta je ta tsaya kusa da shi, ta dafa kafaɗarsa. Bafulatanin nan ya rasa wanda zai ba haƙuri a cikinmu, sai ya kwance butarsa ya miƙo mini.

Ruwan buta bai yi wa ƙwai kome ba sai ƙara masa yauƙi. Madam ta shimfiɗa mini buhu a kujera, ta ce kada in jingina. Haka muka shiga Mutum Biyu, rana ta fito, na fara bushewa ina ƙyalli, ƙudaje sun yi mini rakiya tun daga bakin gari. Mai shayin farko da muka tsaya wajensa ya karɓi ƙwansa, ya leƙo ta taga ya gan ni, ya ce, "Madam, wannan a nan za a soya shi, ko na wani ne?"

Dauda ne ya saya mini riga a kasuwa, shi ya kuma taya ta sauke kaya shago shago, yana ɗauke da kiret a ka da rigar ofis. Ni dai ban ji sun yi maganar mota ba, ko da kalma ɗaya. Aka loda kifi da shinkafa, Madam da kanta ta tura buhun can ciki jikin kujera, ta ɗaure, muka juyo bayan la'asar.

Muna tafe ina sauraron ƙafa kamar yadda na saba, sai na ji wata ƙara da ban san ta ba, tana zuwa tana ɗaukewa. Na kasa kunne baya, ba daga nan ba ne. Na kasa gaba ta hagu, lafiya lau. Muna shiga kwanar gadar na gane daga inda take. Dauda ne, ya saki maɗaurin sama, kansa ya faɗa jikin gilashi, baki buɗe, yana minshari. Motar ta zagaya kwanar, kansa bai ko motsa ba. Madam ta dube ni ta madubi, ta ɗora yatsa a leɓe. Haka muka kawo shi har ƙofar gida a Majidaɗi, sai da Talatu ta fito ta ƙwanƙwasa gilashi ta ce, "Baba ƙarami, an iso," sannan ya farka.